Odar Sha Biyu da Rabi

Gwaggona, yayar mahaifina, ta shekara ashirin da shida tana dafa wa mutane abincin rana a shago ɗaya, a ƙasan wani bene, tsakanin mai ɗinki da mai sayar da kayan famfo. Shagon ba wani abin kallo ba ne. Tebur huɗu, benci biyu, fanka mai kuka kamar ana yanka ta, sai kicin a baya wanda in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya matse cikinsa. Amma in ka tambayi duk mai aiki a layin nan ina ake cin abinci, ba zai ɓata bakinsa ba, da haɓa zai nuna maka ƙofarta.

Ta fara ne shekarar da mijinta ya rasu, da tukunya biyu da teburin aro. Ba ta yi karatu mai nisa ba, kuma ba ta taɓa rubuta odar kowa a takarda ba. Wata tsohuwar waya ce da ita mai maɓallai, lambobin jikinta duk sun goge, kullum tana cikin aljihun gaban rigar aikinta. In ta yi ƙara, kafin mutum ya gama sallama Gwaggo ta san ko wane ne, ta san abin da zai ci, ta san ciwon da ke damunsa. Mai ɗinki ba ya son fatar kaza. Matar kemis tana da gyambon ciki, ba a sa mata yaji. Akwai wani akawu da in ba a kankaro masa ƙanzon shinkafa ba sai ya wuni yana fushi da duniya. Ta zuba, ta rufe, ta ƙulle leda, kuma ƙullin ma magana ne: ɗaya na kowa da kowa, biyu ba yaji, uku kuwa mutum ɗaya ne tak yake da shi. Dogo, ƙanin marigayi mijinta, shi ke kaiwa a babur. Ko a duhu ya shafa leda ya san gidan da za ta.

Ni na zo hannunta ne bayan na gama makaranta na yi shekara biyu ina yawo da takardu ofis-ofis ban samu ko kujerar zama ba. Na zo da babbar waya da girman kan da ya fi wayar. 'Yar boko take kirana, wani lokaci da so, wani lokaci da zagi, sai ka saurari muryar ka gane wanne ne.

Mai ƙulli ukun nan shi ne Mai Agogo. Tsoho ne siriri, ya shekara arba'in yana gyaran agogo kafin ido ya gaza masa, ya koma ɗakinsa a hawa na uku na wani gida, layi biyu daga namu. Gwiwoyinsa sun ƙi matakala, don haka kwando ne da shi ɗaure da igiya. Dogo ya danna hon ɗin babur a ƙasa, tsoho ya zuro kwandon ta taga, a sa abinci ya ja. Ƙarfe sha biyu da rabi daidai yake kira, ba saura minti ɗaya, ba ta wuce da ɗaya. Mai ɗinki ma da kiran nan yake saita agogon bangonsa.

"Uwar tukwane, an sauke?"

"Kai ake jira, Malam."

"To a gaya wa Dogo ban da surutu a hanya."

Shi ke nan maganar, kullum, shekara goma sha ɗaya.

A makona na farko na kusa shan mari saboda shi. Akwai wata 'yar ƙaramar tukunya shuɗiya da Gwaggo ke ɗibar miya a ciki tun kafin ta sa gishiri da dunƙulen ɗanɗano a babbar, ta koma da ita gefen wuta ta ƙarasa ta daban da tafarnuwa da citta da 'yar matsar lemon tsami. Tukunyar tsohuwa ce, hannunta ɗaya a ɗaure da siririyar wayar ƙarfe, ɗauri mai kyau kamar kitso. Ni kuwa na ɗanɗana na ji salam, na kai hannu ga gishiri, don in nuna ni ma na iya. Sai na ji an damƙe wuyan hannuna.

"'Yar boko, in kika sa ƙwaya ɗaya a tukunyar nan, yau za ki koma gidan ubanki."

Da yamma, muna wanke-wanke, ta ba ni labari. Matar Mai Agogo ce ta kawo tukunyar da hannunta, tana cikin ciwon da ya zama ajalinta. Ta zauna a bencin nan tana haki ta ce, "Yaya, ni tafiya zan yi. Likita ya hana mutumin nan gishiri, ga hawan jini ga ƙoda. In an gaya masa gardama zai yi, ya ci ninki biyu don a san shi ne maigida. Shekara shida ina masa dabara a tukunyar nan bai sani ba. Na bar miki shi amana, kuma kar ki gaya masa." Ba ta cika wata biyu ba ta rasu. Ɗansu ɗaya yana aiki a wani gari mai nisa, shi ma bai san da maganar ba.

Na ce, "To shi ba ya ganewa?"

Gwaggo ta yi dariya. "Yana ƙorafi mana. Ya ce hannuna ya yi sanyi da gishiri, ni kuma in ce tsufa ne ya kashe masa harshe. Kuma ba zai ƙara da kansa ba. Ya ce ƙara gishiri a girkin wani kamar buɗe agogon da wani ya gyara ne, raini ne."

Haka muke, har ranar da wakilin wani kamfanin manhajar kai abinci ya shigo. Matashi ne mai ƙamshin turare, da farin takalmin da bai taɓa gaisawa da taɓo ba. Kowace jimla sai ya ce Mama. Mama garin nan gaba ɗaya zai san ki, Mama ba sai kin ɗaga waya ba, Mama kina zaune oda za ta riƙa zuwa. Ya zo da farantinsa na musamman, ya ɗora kazarmu a kai, ya shafa mata mai da buroshi, ya dasa wani ganye a gefe, ya ɗauki hoto ya nuna mata.

Gwaggo ta ƙura ido. "Wannan abincin wane ne?"

"Naki ne, Mama."

"Ban san shi ba."

Da ya faɗi kason da kamfani zai riƙa yanka a kowane faranti, kusan uku cikin goma, sai ta ajiye ludayi. "Shi wannan kamfanin, albasa zai yanka min ko wuta zai hura min?" Ya yi dariyar nan ta 'yan talla, wadda ba ta wuce haƙora. Abin da ya kamata ya ankarar da ni, da ina da hankali a lokacin, shi ne mutumin ya yi sa'a guda yana yabon girkinmu, ya tashi ya tafi bai kai ko loma ɗaya bakinsa ba.

Ni ce na matsa mata, ba zan ɗora wa kowa ba. Safe da yamma ina kunnenta: Gwaggo duniya ta ci gaba, Gwaggo kowa ya shiga sai mu. Ta ce, "Ta ci gaban, ina nan zaune in ta dawo." Amma an ƙara kuɗin hayar shago, ofisoshi biyu da ke ci a wurinmu sun tashi daga layin, ga ni kuma kamar sauro. A ƙarshe ta ce in yi abin da na ga dama, ban da mutanenta.

Aka kawo mana wata na'ura mai kamar ƙaramin allo, aka kafa ta kusa da tukwane. In oda ta shigo sai ta yi wani tsuwwa mai shiga har cikin haƙori, ta tofo 'yar takarda: lamba da sunan abinci. Babu suna, babu murya, babu sannu da aiki. Ko lambar wayar mai odar ba sa nuna maka, wai kar ka sace musu shi. Gwaggo ta juya takardar farko gaba da baya ta ce, "To wa zai ci?" Na ce ɗari biyu da sha huɗu. Ta dube ni kallon da ake wa mai taɓin hankali.

Abin da na gani a watannin nan, in na ce zan faɗa duka sai abincin da kuka ci ya dawo. 'Yan kai saƙon su faɗo shago ba sallama, kwalkwali a ka, suna ihun lamba. Ban cika ganin laifinsu ba, su ma agogon manhajar ne ke bin su da bulala, in sun makara a yanke musu. Amma akwatunan da ke bayansu, tir! Wata rana ɗaya ya buɗe nasa a gabana, sai wani tsami ya bugi fuskata. Miyar wani shago ta zube a ciki tun ban san yaushe ba, ta bushe ta yi baƙi a kusurwa, ga jiƙaƙƙen takalmin ruwansa a gefe, kuma a kan wannan ya ɗora shinkafar da Gwaggo ta tsince ƙwaya-ƙwaya tun da asuba. Ya zagaya da ita gida huɗu kafin ya kai. Ta isa a sandare, mai ya daskare a saman miya, mai ci kuma ya ba mu tauraro ɗaya cikin biyar a manhaja, mu da muka sauke ta tana tururi.

Su kansu masu cin, Allah ya shirye su. Wani ya rage mana taurari don an yi ruwan sama. Wata ta rubuta cewa kazar hoto ta fi wadda aka kawo mata ƙiba. Mai kayan famfo, wanda bango ɗaya ya raba mu, wanda in ya yi atishawa muna ce masa sannu, shi ma sai ya koma yin oda ta manhaja. Ɗan saƙo ya taso daga wata uwa duniya, ya ƙona mai, ya karɓa a hannuna, ya yi taku shida ya miƙa masa. Ya biya tsada a kan haka, mu kuma aka yanke mana, kowa ya yi asara ban da wanda bai san launin tukunyarmu ba. Da Gwaggo ta yi masa magana sai ya sosa ƙeya ya ce wai maki yake tarawa.

Wanda ya fi tayar min da zuciya shi ne shagon ƙarshen layi. Kicin ɗaya ne, ruwan kwata na bi ta bakin ƙofarsa, ɓeraye na sintiri da rana tsaka, man suyarsa ya yi baƙi kamar na inji. Babu mai ido biyu da zai zauna ya ci a wurin. Amma a manhaja suna huɗu ne da shi, kowanne da hotonsa mai sheƙi, kuma duka huɗun sun fi mu taurari. Mutane na zaune a ofis mai sanyi suna lashe yatsu, ba su san daga ina abin ya fito ba, ba su kuma damu su sani ba.

Duk da haka ban saduda ba. Taurarin nan sun shiga kaina kamar caca. Sai wakilin nan ya kira ni ya ba ni shawara: in muna so mu hau saman jeri, mu tura masu kiran waya su ma su koma manhaja. Ranar nan, Gwaggo na bayan shago tana wanke nama, na zare tsohuwar wayar daga rigarta da ke rataye. Na naɗi muryata, har da maƙale hanci irin na masu karanta sanarwa: "Mun gode da kiranku. Don yin oda, sai ku sauke manhajarmu." Na saita ta yadda duk wanda ya kira wannan zai ji, wayar kuma ba za ta yi ƙara ba. Na mayar da ita aljihu ina jin kaina wata gwana.

Washegari sha biyu da rabi ta yi, Gwaggo ta ɗora hannu a aljihu tana jira. Shiru. Ta ciro wayar ta girgiza ta, ta mayar. Na ga komai, na sunkuyar da kai ina liƙa takarda a leda. Kwana uku ana haka. A na ukun mai ɗinki ya leƙo ya ce, "Yaya, wace ce wannan mai mura da ke amsa wayarki?"

Ba zan maimaita abin da Gwaggo ta faɗa min ba. Ta wanke ni tas, ba sabulu. Na cire saƙon, mutanenta suka dawo kira ɗaya bayan ɗaya, kowa da tsiyar da zai yi min. Mai Agogo ne kaɗai bai kira ba.

Na ce bari in kira shi in ba shi haƙuri. Ta ce a'a. Doka ce da ita tun farkon sana'arta: mai abinci ba ta kiran mai ci ta ce don me ba ka saya ba, wannan roƙo ne. Amma hankalinta bai kwanta ba, sai ta tura Dogo ya dubo shi. Dogo ya dawo ya ce, "Yaya, lafiyarsa ƙalau. Ta taga ya leƙo. Ya ce a gaya miki tunda kin girma har inji ke amsa miki waya, ɗansa ya ɗauki nauyin abincinsa."

Gwaggo ta ci gaba da juya miya. Can ta ce, "To madalla. Ɗa ai ya fi bare. Ya san ciwon ubansa, zai sa a dafa masa yadda likita ya ce." Ta faɗa ne da bakinta, amma na ga abin ya soke ta. Kuma ba ta daina ɗibar miya a shuɗiyar tukunyar ba. Kullum sai ta ɗiba, ta ƙarasa ta a gefe, wai ko zai huce ya kira. In ƙarfe biyu ta wuce ta turo min ita, ni ke cinyewa, ina yatsine fuska ina barbaɗa gishiri.

A cikin kwanakin nan wata oda ta fara shigowa ta manhaja kullum sha biyu da rabi: shinkafa da miyar kaza, faranti ɗaya. Lambar ce kawai ke canzawa. A lokacin nan na'urar na tsuwwa ba ƙaƙƙautawa, wa ke da sukunin lura? Ni ke zubawa daga babbar tukunya, da gishirinta da ɗanɗanonta, in rufe, in yi ƙulli ɗaya, in liƙa takarda. Har akwai ranar da na karanta wa Gwaggo wani yabo da aka rubuta mana, tauraro biyar cif: "Babana ya ce yanzu ne hannunta ya faɗa, abincin bai taɓa daɗi haka ba." Na karanta da ƙarfi, har da rausaya kai. Na ce, "Kin gani ko? Da ba don manhaja ba ina za ki ji wannan?" Ta taɓe baki ta ce Allah ya amfana.

Mako bakwai aka yi.

Shi Dogo, da masu kiran waya suka ragu, aikin kaiwa ya yi masa kaɗan, sai shi ma ya je ya karɓo akwati da rigar kamfanin. Bai ji daɗi ba, amma yana da iyali. Wata ranar Talata manhajar ta haɗa shi da odarmu, karon farko. Ya shigo yana dariya ya ce, "Yaya, yau ni ne ɗari uku da tara." Na miƙa masa leda ya fita. Ba a yi minti ashirin ba sai ga shi ya dawo, ya kashe babur a tsakiyar hanya, ko kwalkwali bai cire ba.

"Yaya, odar nan ta sha biyu da rabi, ta Mai Agogo ce."

Gwaggo ta juyo da ludayi a hannu.

"Taswirar har ƙarƙashin tagarsa ta kai ni. Ɗan ne ke yi masa oda daga can garin da yake, daga shagon nan, don ya san nan uban ya saba. Kullum daga nan ake kai masa." Ya haɗiye yawu. "Kuma da ƙyar ya ja igiyar. Fuskarsa ta kumbura, hannayensa sun yi suntum. Yaya, babu agogo a hannunsa. Na tambaye shi, ya ce maɗaurin ya daina kamawa."

Gwaggo ta dube ni. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Daga wace tukunya kike zuba masa?" Ta san amsar. Ni ma na sani.

Ta kashe wuta duka huɗun, abin da ban taɓa ganin ta yi da rana tsaka ba. Na'urar na ta tsuwwa tana tofo takardu har suna zuba ƙasa, ba wanda ya waiwaye ta. Matar da ke hawa matakala uku na ƙofar shago da nishi, ranar nan ta haye bene hawa uku ban iya cim mata ba. Muka same shi zaune a bakin gado yana numfashi sama-sama, ledarmu a buɗe a gabansa, ya ci rabi. Ƙulli ɗayan da na yi da hannuna yana nan a gefe. Ya ɗago kumburarrun idanu ya ce, "Au, Uwar tukwane, yau injin ya ba ki hutu?" Dogo ne ya goya shi zuwa ƙasa.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti. Ɗan ya iso a rana ta biyu, mutumin kirki, duk ya ruɗe. Likita ya tambaya me ya canza a 'yan makonnin nan, don shekara da shekaru ciwon na kwance. Ɗan ya ce babu komai, abinci ɗaya ne daga shago ɗaya, shi da kansa ke yin odar. Gwaggo na tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Shago ɗaya ne, ɗana, amma ba tukunya ɗaya ba." Ta ja shi waje ta gaya masa komai. Likita bai ce gishirin ne kaɗai ba, ya ce ga shekaru, ga ƙodar dama a gajiye take. Na so in riƙe wannan maganar in ɓuya a bayanta, amma ta yi min kaɗan.

Muna zaune a barandar asibitin wayar ɗan ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙo min. Manhajar ce: "Mun yi kewarka! Kwana uku ba ka yi oda ba. Ga rangwame a kan shinkafa da miyar kaza." Har da hoton fuska mai hawaye. Mu kuma a ranar suka aiko mana cewa sun sauke mu ƙasan jeri, don mun bar oda tara ba amsa. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu irin ta wannan ranar ba, kuma rabin ƙyamar ta kaina ce.

Ranar da aka sallame shi, Gwaggo ta ƙi zuba abincinsa a roba. Ta naɗe shuɗiyar tukunyar a tsumma, ta ce in ɗauko mu je. Ya rame, kumburin ya saɓe, agogon ya koma hannunsa har yana lilo. Ta ajiye tukunyar a kan teburinsa, cikin ƙananan sukurori da gilasan da har yanzu bai yarda a kwashe ba, ta warware tsumman.

Bai dubi abincin ba. Hannun tukunyar ya ƙura wa ido. Ya jawo ta, ya ɗauko gilashin aikinsa ya maƙala a ido, ya bi ɗaurin wayar nan da ɗan yatsa a hankali.

"Ni na ɗaure wannan," ya ce. "Na neme ta bayan rasuwar. Na zaci danginta ne suka haɗa da ita."

"Ita ta kawo min, Malam. Da hannunta."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu kafin ta tafi. Ta ce kafin nan ma shekara shida tana maka a ciki."

Ya cire gilashin, ya goge shi da bakin riga, ya goge idon ma. Sannan ya ɗauki cokali ya kai baki, ya tauna a hankali.

"Babu gishiri," ya ce.

"Babu."

"Ashe ba harshena ba ne ya mutu." Ya girgiza kai. "Shekara goma sha bakwai mata biyu suna min wayo." Ya sake kai cokali. "Ƙaro min, Uwar tukwane."

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ce mai muryar nan ta waya. Ni ce kuma na riƙa zuba maka." Ya dube ni ta saman ido ya ce, "Na gane ki tun da kika yi sallama, 'yata. Ki daina maƙale hanci, bai yi miki kyau ba." Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuwa na kasa tashi.

Na'urar tana nan a shagon, ba zan yi muku ƙarya ba. Haya ba ta san zuciya ba, kuma rabin garin sun manta yadda ake buɗe baki a nemi abinci. Amma Gwaggo ta yanke min hukunci. Duk ledar da za ta fita ta manhaja sai na rubuta 'yar takarda da hannuna na jefa a ciki, da lambar tsohuwar wayar, da kalmomin da ta faɗa min: "In kana da ciwo ko abin da ba ka ci, kira ni da bakinka." Wakilin ya bugo ya ce wannan ya saɓa wa ƙa'idarsu. Ta ce in gaya masa ya zo ya faɗa mata ido da ido, kuma ya zo da yunwa, ya ɗanɗana abin da yake sayarwa. Har yau bai zo ba.

Mai Agogo ya dawo kira, sha biyu da rabi daidai, kuma ledarsa ta koma ƙulli uku. Sai dai ba kullum ba. Litinin da Alhamis yana asibiti tun safe, kwance kusa da injin wankin ƙoda, kuma likita ya ce haka zai yi ta yi har iyakar kwanansa. A ranakun nan biyu wayar ba ta ƙara. Gwaggo ta sani sarai, ita ke shirya masa abin da zai tafi da shi. Amma duk da haka, in sha biyu da rabi ta yi, sai hannunta ya tafi aljihu da kansa ya tsaya a can. Ni kuwa sai in ɗauki bokiti in fita bayan shago, kamar ruwa ya ƙare.